Balad: Tsohuwar Jidda a Bakin Bahar Maliya

In ka ce wa alhajin Matazu ko na Malumfashi Balad, kasuwa zai tuna: darduma, turare, dabino, tsarabar mutanen gida. Alhali wannan unguwa ita ce asalin Jidda, duk sauran birnin daga baya ya biyo.

A shekara ta 26 bayan Hijira, Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da tashar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa nan. Tun daga lokacin, mai nufin Ka'aba ta teku a nan yake sauka, haka ma alkamar Masar da kayan yajin Indiya. Dukiya kuwa ba ta rasa mai kwaɗayinta. Da Turawan Fotugal suka fara sintiri a yankin, Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ya sa Husaini al-Kurdi ya kewaye garin da ganuwa. Jiragen Turawan sun zo a 1517, suka juya ba su ci garin ba.

Da dutsen murjani na bakin teku aka gina gidajen, ana gitta katako tsakanin duwatsu don bango ya iya ɗaukar hawa huɗu ko biyar. Tagogin katako masu sassaƙa, rawashin, suna barin iska ta shiga, su tare idon mai wucewa. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 attajirai suka shiga gasar benaye. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, na wannan zamanin ne.

To, mutanenmu fa? Waɗanda suka taka sayyada daga ƙasar Katsina ta Borno da Chadi, wasu suna tsayawa tsinkar auduga a Jazira ta Sudan don haɗa guzuri, sukan tsallako daga Sawakin a jiragen ruwa na katako. Yawancinsu ba a benayen nan suka kwana ba. A bayan ganuwa suka kafa bukkoki, suna dako da ga-ruwa.

An rushe ganuwar a 1947. Kuɗin mai ya zo, masu gidajen suka koma sababbin unguwanni, 'yan ci-rani suka kama haya, gobara da rashin gyara suka ci wasu gidajen. A 2014 UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu ana ta gyaran benayen. Su kuwa unguwannin talakawa irin su Karantina, inda jikokin waɗancan matafiya da yawa suka zauna, rusau ne ya bi ta kansu daga ƙarshen 2021.