Daga daftarin sito zuwa Bankak: yadda kwamfuta ta shiga masana'antun Khartum

Aikin farko da aka ba ni na sa kwamfuta a masana'anta, a wata matatsar man riɗi da gyaɗa ne a unguwar masana'antu ta Umdurman, cikin shekarar 2001. Mai wurin ya sayi kwamfuta biyu, ya lulluɓe su da tawul saboda ƙura, ya ce yana so ya riƙa sanin buhu nawa ya shiga, jarka nawa ta fita, ba sai wata ya mutu ba. Ya kuma raɗa mini cewa yana zargin ana yi masa sata a sito, don man da ke fita bai kai riɗin da ke shiga ba.

Mai kula da siton wani dattijo ne Bahaushe, mutumin Maiwurno kamar mahaifina, wanda ya fi shekara ashirin yana riƙe da makullan wurin. Yana da daftari mai baƙin bango da ya sha mai har takardunsa suka yi ɗauri, rubutu da Larabci, lissafi da fensir. Da na nuna masa inda zai riƙa shigar da adadin buhuna, sai ya ja ni cikin sito, ya zura hannu cikin wani buhu daga Gadarif, ya murza riɗin a tafinsa, ya zura cikin wani daga Kurdufan, ya ce, "Ɗana, kwamfutarka ta san wanda aka cakuɗa da yashi? Ta san wanda ya sha raɓa a hanya?" Na ce, "Baba, sai abin da aka faɗa mata." Ya ce to mu faɗa mata. Muka zauna wata biyar muna ƙara gurabe: garin da kaya ya fito, dillalin da ya kawo, nauyi a bakin ƙofa, nauyi bayan an tankaɗe, man da aka samu, da tunkuzar da ta rage, wadda a nan ake kira umbaz. Da lissafin wata uku ya taru, sai ga shi ɓarnar tana wajen dillalai biyu masu kawo kaya da ƙasa a ciki. Dattijon ya fita daga zargi, ni kuma na koyi sana'ata a hannunsa, don tun daga ranar ban sake fara aiki daga ofishin manaja ba. Daga sito nake farawa.

Kwamfuta ba baƙuwa ba ce a Khartum a lokacin. Jami'ar Khartum tana da cibiyarta tun ƙarshen shekarun 1960, amma kwamfuta ta daɗe tana tsakanin jami'a da manyan ofisoshin gwamnati da bankuna. Abin da ya fito da ita kasuwa ya zo kusan a tare. An kafa kamfanin waya na Sudatel a 1993, layukan waya suka gyaru, Mobitel ta kawo wayar hannu a ƙarshen shekarun 1990, sannan a 1999 aka fara fitar da man fetur zuwa waje, kuɗi suka shigo gari. Injin fulawa na Sayga ya tashi a Bahri, aka buɗe birnin masana'antu na Giad a 2000 a kudu da Khartum. Su kuma matasa suna ta fitowa daga Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da kwalejin Computer Man, kowa da takardarsa yana neman inda zai gwada.

Talaka kuwa, malaminsa na farko mitar wuta ce. Hukumar lantarki ta kawo mita mai biya kafin sha, ka je taga ka ba da kuɗi, a miƙo maka takarda mai jerin lambobi, ka koma gida ka danna. Mutane suka yi mata laƙabi da "jamra habisa" don haushin yadda take yanke wuta ba sani ba sabo. Duk da zagin, ita ce ta saba wa tsoho da tsohuwa cewa lamba a kan takarda tana iya zama dukiya. Ina ganin ba don ita ba, da abin da ya biyo baya bai samu karɓuwa da sauri haka ba.

Sai dai a watan Nuwamban 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki, kuma shekara ashirin muka yi a ƙarƙashinsa, har Oktoban 2017. Wanda bai yi wannan aiki a lokacin ba, zai yi wuya ya gane nauyinsa. Manhajar da duniya ke tafiyar da masana'anta da ita, ta Oracle ko ta Microsoft, ba ka da hanyar sayen lasisinta kai tsaye daga Khartum. Ka buɗe shafin kamfani don sauke gyara, da ya gane daga Sudan kake sai ya rufe maka ƙofa. Masu hali suna bi ta wani ɗan kasuwa a Dubai, marasa hali su sayi faifai a Suk Arabi, in ya lalace babu wanda za a kira. Kai ne mai sawa, kai ne mai gyara, kai ne kuma za a tasa da tsakar dare in albashin ma'aikata ya ƙi fitowa.

Duk ƙasar ta ga girman matsalar a watan Afrilun 2012. An gama gina masana'antar sukari ta White Nile, an gayyaci baƙi daga waje, sai aka ɗage bikin buɗewa dab da ranar, saboda manhajar da za ta sarrafa injinan ba ta samu ba, takunkumi ya tare ta. Ministan masana'antu, Abdulwahab Usman, ya miƙa takardar murabus, shugaban ƙasa bai karɓa ba, sai a watan Yuli aka buɗe. Gini da ƙarafa da gonar rake suna tsaye wata uku suna jiran abin da zai shiga aljihun riga. Mu da muke cikin sana'ar mun yi baƙin ciki, amma daga ranar masu masana'antu suka daina ɗaukar mai kwamfuta a matsayin yaron da ke buga wasiƙa.

Wannan matsi ne ya tura yawancinmu ga manhajar da kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara. OpenERP, wadda aka ƙera a Beljiyam kuma ta koma Odoo a 2014, ta zama gatarin matasan Khartum. Ba ta neman lasisin Amurka, kuma kana iya lanƙwasa ta yadda kasuwarmu take. Lanƙwasawar kuwa ita ce ainihin aikin. Cinikinmu yawanci bashi ne da cek mai kwanan wata na gaba, don haka dole tsari ya san cek nawa ke cikin akwati da ranar da kowanne zai nuna. Kuɗin banki murabaha ne da musharaka, ba ruwa ba, lissafinsu daban. Akwai zakka, akwai harajin ƙarin daraja, akwai kuɗin hanya da ake karɓa daga jiha zuwa jiha. Ga kuma rikicin sifiri: a 1992 dinari ya maye gurbin fam, a 2007 sabon fam ya dawo a kan dinari ɗari, wato tsohon fam dubu, amma bakin mutane bai canja ba. Ɗan kasuwa ya ce "miliyan" yana nufin dubu. Na taɓa kwana biyu ina neman kuskure a littafin wani kamfanin sabulu, ashe akawu ya shigar da abin da ya ji da kunne, ba abin da ke kan rasit ba. Daga nan na sa tsarin ya riƙa tsayar da duk adadin da ya ninka na jiya sau dubu, ya tambaya kafin ya karɓa.

Ba kowane mai masana'anta ke son abin da kwamfuta za ta nuna masa ba, wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. An sha neman in yi littafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na masu haraji. An sha sayen tsari mai tsada don a nuna wa banki, alhali ainihin lissafi yana cikin aljihun ɗan'uwan mai gida. Inda na ga aiki ya yi albarka shi ne inda mai gida ya yarda tsarin ya hau kansa shi ma, ya daina ɗiban kuɗi daga akwati ba rubutu. Gwamnati ta gamu da irin wannan turjiya a 2015 da ta mai da rasit ɗinta na karɓar kuɗi, Urnik 15, na lantarki, don rasit na takarda yana da masu ci da shi.

A ɓangaren biyan kuɗi, jama'a sun riga bankuna. Tun kafin a yi wata manhaja, lebura a Suk Libya yana tura wa iyalinsa kuɗi ta hanyar katin waya: ya tura kiredit ga mai shago a ƙauye, mai shago ya cire kasonsa ya ba da tsaba. Babban banki yana da kamfanin EBS da ke haɗa bankuna da injinan cire kuɗi, Bankin Khartum ya fito da mBok a 2014, wadda daga baya ta zama Bankak, Bankin Faisal ya kawo Fawry. Amma 'yan kasuwa sun yi ta jan ƙafa har 2018, shekarar da tsabar kuɗi ta ɓace. Mutum da dukiyarsa a banki, ya wuni a layi a ba shi abin da bai isa cefane ba. Dole ta sa dillalin da ya rantse ba zai karɓi komai ba sai ƙulli ya fara cewa "turo ish'ar", wato hoton shaidar biya. Mu kuma aka ƙara mana aiki, don 'yan damfara sun iya ƙera hoton, sai muka koya wa masu karɓar kuɗi kada buhu ya fita sai adadin ya bayyana a asusu.

Hauhawar farashi ta sauya ma'anar lissafi baki ɗaya. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar ta haura kashi 400 cikin ɗari. Mai masana'antar da ke ƙididdige riba a kan farashin da ya sayi kaya sai ya ga riba a takarda, ya je sayen sabon riɗi kuɗin bai kai rabi ba. Muka juya tsarin ya riƙa auna komai da farashin maye gurbi na ranar, kowace safiya a shigar da kuɗin dala na kasuwa, jerin farashi ya fita zuwa wayar masu rarraba kaya kafin motoci su tashi. A ganina wannan ɗan gyara ya ceci masana'antu fiye da duk manyan tsare-tsaren da aka yi wa biki.

An yi mana gargaɗi sau biyu, ba mu ji ba. Bayan 3 ga Yunin 2019 an katse intanet fiye da wata guda, aka sake katsewa na tsawon makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Darasin da muka ɗauka shi ne kada a dogara da waje, a ajiye komai a gida. Shekarun takunkumi ma sun riga sun dasa mana wannan tunani, tun da a lokacin kamfanonin ajiyar bayanai na duniya ba sa karɓarmu. Don haka babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kamfani tana ɗaki na biyu daga ofishin manaja, kwafinta yana cikin akwatin ƙarfe a ɗaki na uku. Wanda ya yi nisa shi ne mai kai kwafin reshensa na ƙetaren gada. Mun tanadi maganin gobara da ɗaukewar wuta da ɓarawo, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa Khartum da Bahri da Umdurman za su tsaya rana ɗaya.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke, suka tsaya. Ma'aikata suka bar ofis ranar Alhamis da niyyar dawowa, da yawa ba su sake ganinsa ba. EBS tana tsakiyar Khartum, da ta mutu aikawa tsakanin bankuna ta mutu. An wawashe masana'antun Bahri, wasu aka ƙone. Bankak ta ci gaba da numfashi, ta zama ita ce kasuwa, ita ce albashi, da ita 'yan'uwa na Saudiyya da Masar ke ciyar da iyaye, da ita ake tara kuɗin tukunyar takaya da ke ciyar da unguwanni. A Fabrairun 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane suka riƙa biyan kuɗin sa'a a gindin farantin Starlink don su karɓi abin da aka turo musu.

Bayan sojoji sun sake karɓe Khartum a Maris ɗin 2025, ɗan mai matatsar nan ta farko, wanda yanzu shi ke riƙe da ita, ya kira ni. Mun je tare. An kwance injinan an zare tagullar cikinsu, ɗakin kwamfuta babu ko waya a bango, akwatin ƙarfen a fashe. Lissafin shekara ashirin da biyu ya tafi, kuma abin da ya fi damunsa shi ne sunayen waɗanda yake bi da waɗanda ke bin sa. Muka zauna a gidansu da ke Karari da wayarsa da ta tsohon akawunsa, muna bin saƙonnin WhatsApp da hotunan ish'ar ɗaya bayan ɗaya, muna sake gina asusun kowane dillali. Inda hoto ya ɓace sai ya buga waya. Wasu lambobin ba sa shiga, wasu masu su sun rasu, wasu suna Alƙahira ko Kampala. Wani dillali daga Rabak ya ce masa, "Ya ɗan'uwa, akwai jarka arba'in da ba ka ambata ba, suna wuyana," ya turo rabin kuɗin a daren.

Injin matsa guda ɗaya ya tayar, da hasken rana da janareta. Sabon tsarin yana kan wata kwamfuta a ƙasar waje, kwafi yana sauka kowane dare a wayarsa da ta ƙanwarsa a Port Sudan, kuma duk ranar Alhamis ana buga jerin bashi a takarda a kai gida. Gurabe shida da dattijon nan ya sa na ƙara a 2001 su na fara mayarwa: gari, dillali, nauyi a ƙofa, nauyi bayan tankaɗe, mai, da umbaz.