Ɗan Gida da Ɗan Kwangila: Nazarin Aikin Mai Zayyana a Kamfanin Braun

Masu zayyana fasalin kayan masana'antu iri biyu ne. Akwai ɗan kwangila, wanda ake kira ya yi aiki guda, a sallame shi ya kama gabansa. Akwai kuma ɗan gida mai cin albashi, wanda a kamfanin yake wuni kullum. An fi raina na biyun, ana yi masa kallon yaron gida da sai abin da aka sa shi. A ganina tarihin kamfanin Braun na Jamus ya ƙaryata wannan kallo.

Dieter Rams ya shiga Braun a birnin Frankfurt a 1955 yana ɗan shekara 23. Zanen gine-gine ya karanta, ya kuma koyi kafinta, kuma gyaran ofisoshi aka ɗauke shi ya yi. A 1961 ya zama shugaban sashen zayyana, ya riƙe kujerar har 1995.

Amfanin zaman ciki ya fito fili a SK 4, na'urar da ta haɗa rediyo da garmaho, wadda ta fito a 1956. Rams ya yi aikinta tare da Hans Gugelot, malami a makarantar zayyana ta Ulm. Da fari murfin ƙarfe aka yi niyyar sa mata, amma in sauti ya tashi sai ya riƙa karkarwa. Aka musanya shi da roba mai kama da gilashi, har mai sauraro na hango faifai yana juyawa. Irin wannan aibi ba ya bayyana a takarda. Sai wanda ke kai-komo tsakanin injiniyoyi, yana jin ƙorafinsu, zai ci karo da shi.

Sai dai basira kaɗai ba ta wadatar da ɗan gida. Dole ya sami kunnen masu gida. Erwin da Artur Braun, waɗanda suka gaji kamfanin daga mahaifinsu a 1951, sun saurari masu zayyanarsu, har Erwin ya yarje wa Rams ya zayyana wa wani kamfani kayan ɗaki. Kantocin 606 na 1960 daga nan suka samo asali, kuma kamfanin Vitsœ na ƙera su har yau. Haka ma mai zayyana Jony Ive: a 1992 ya shiga kamfanin Apple, amma tauraronsa bai haska ba sai da Steve Jobs ya dawo a 1997, kwamfutar iMac ta biyo baya a 1998.

Abin da ke damuna shi ne batun suna. Tambarin kamfani kan haɗiye sunan ma'aikaci, in kuma ɗaya ya yi fice sai ya rufe sauran. Gerd Alfred Müller ne ya zayyana injin markaɗe da kwaɓi na KM 3 a 1957, kuma da hannun Dietrich Lubs a kalkuletar ET 66 ta 1987. Amma yau in aka ambaci kayan Braun, Rams kaɗai yawancin mutane ke tunawa.