Holan Ta Bar Atamfa, Fotugal Ta Bar Harshe

In ana zancen mulkin mallaka, Ingila da Faransa ne a bakin kowa. Amma akwai wasu biyu da ba su kai su girma ba, Holan da Fotugal, kuma mu mazauna Legas kullum muna cin karo da sawunsu.

Holan ta fi kuɗi nesa ba kusa ba. Atamfar Vlisco da matanmu ke rububi daga can take, haka kamfanin madarar Peak. A birninta na Heg kotun duniya ta ba Kamaru Bakasi a 2002. To amma je ka Indunusiya, wadda ba ta sake ta ba sai 1949: da ƙyar ka samu mai jin yarenta. Ba su damu talaka ya koya ba, da Malayanci suka riƙa tafiyar da mulki, shi ne kuwa ya zama tushen harshen ƙasar.

Fotugal fa? Mutanenta miliyan 10 ne da 'yan kai. Amma sama da miliyan 200 ke magana da harshenta, galibi a Birazil, sai Angola da Mozambik. A 1996 ƙasashen suka kafa ƙungiya a Lisbon, muryarta ta ƙara kauri a duniya. Sunan "Lagos" ma su suka raɗa.

Sai dai da jini aka gina wannan gado. Jiragensu sun kwashi bayi zuwa Bahiya a Birazil, har da Hausawa. Musulmin cikinsu sun yi tawaye a 1835, daga baya da dama suka dawo gida, wasu suka zauna a Popo Aguda, nan tsibirin Legas.