Inda Kyanwa Ta Ke Kwana

Ruwan Bago gari ne na manoma a cikin ƙaramar hukumar Rogo, a ƙasar Ƙaraye, wajen yammacin Jihar Kano. Dawa da masara su ne ƙarfin noman mutanen wannan yanki. In kaka ta yi, aka yi girbi, aka kwaso amfanin gona zuwa gida, to, daga ran nan maigida ya shiga wani sabon tsaro, domin hatsin da ya tsere wa tsuntsu da fara a gona bai tsere wa ɓera a gida ba. Shi kuwa ɓera da dare ya ke ɓarnarsa. Saboda haka zancen inda kyanwa za ta kwana, ko a rufe ta a ɗaki ko a bar ta waje, zance ne mai nauyi ga mai rumbu. Ya shafi abincinsa na shekara, da kajin matan gidansa, har da lafiyar 'ya'yansa. Tsohon zance ne kuma, gama tun ran da kyanwa ta raɓi ɗan Adam a ke ta juya shi.

Asalin kyanwar gida kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu a ke samu a Afirka da ƙasashen Larabawa. Masana sun tabbatar da haka cikin 2007, bayan sun gwada ƙwayoyin halittar kyanwoyi kusan 1,000 daga ƙasashe dabam dabam. A ganinsu ba kamo ta aka yi aka hore ta kamar doki ba, ita ta kawo kanta. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi, sai ɓeraye suka taru, ita kuwa ta biyo ɓerayen. Manomi ya ga amfaninta, ya ƙyale ta. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka iske ƙasusuwan kyanwa dab da na mutum, aka bayyana labarin cikin 2004. Da ya ke tun asali babu kyanwa a tsibirin, lalle a jirgin ruwa aka kai ta. Watau tun farko zaman kyanwa da mutum zaman ƙodago ne: aikinta da dare, ladanta ɓera, makwancinta gindin rumbu.

Mutanen Masar na zamanin Fir'auna su ne suka shahara da shigar da ita ɗaka. A zane-zanen kaburburansu a kan ga kyanwa zaune ƙarƙashin kujerar uwargida. Har suna da wata gunkiya mai kan kyanwa, Bastet, wadda babban ɗakin bautarta ya ke a Bubastis, kusa da birnin Zagazig na yanzu. Hirodotus, Bayunanen nan marubucin tarihi, ya ba da labarin cewa in kyanwa ta mutu a gida sai mutanen gidan su aske girarsu don makoki. Amma wannan girma bai kuɓutar da ita daga wuya ba. Cikin 1888 aka tono gawawwakin kyanwoyi dubbai a Bani Hasan, kowace a naɗe da likkafani, aka yi jigilarsu zuwa Ingila, aka yi gwanjonsu a Libaful cikin 1890 don takin gona. Da masana suka duba irin waɗannan gawawwaki daga baya, sai suka tarar da yawa ƙanana ne, an karya musu wuya. Ashe kiwonsu a ke yi a tsare don a sayar wa masu kai hadaya.

Musulunci ne ya sa wa al'amarin iyaka wadda Hausawa suka gada. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da a ke karantawa a zaurukan malaman Kano, an kawo labarin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutane. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Daga nan hukunci ya fito sarai. Babu laifi kyanwa ta shiga ɗaki, amma duk wanda ya rufe ta, cinta da shanta sun hau wuyansa. Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, har wani lambu ya bayar waƙafi a Alƙahira don ciyad da kyanwoyin da ba su da masu su.

Ginin gidan Bahaushe shi ya sauƙaƙa masa wannan magana. Bature wuri biyu ya sani, ciki da waje. Bahaushe kuwa uku gare shi: akwai ɗaki, akwai tsakar gida wadda katanga ko danga ta kewaye, sa'an nan akwai bayan gida da gonaki. Rumbu da rufewa a kan ɗora su bisa duwatsu don gudun gara da damshi, ƙarƙashinsu kuwa nan ne kasuwar ɓeraye. To, a nan tsakiya kyanwa ta sami gurbinta. Ba a ɗaure ta, ba a rufe ta, ta kan kwana a madafa ko gindin rumbu, ta fita ta rariya ta komo ta kan katanga. Ƙarfin farautarta da magariba ne da kuma asuba, idonta kuwa yana da wani abu a ciki mai mayad da haske, shi ya sa ya ke ƙyalli cikin duhu. Wannan ƙyalli da tafiyarta ba motsi sun taimaka wajen haifar da camfin da a ke yi, cewa baƙar mage ta dare aljana ce, kada a doke ta. Camfi ne dai, amma ya tsare bayan kyanwoyi da yawa daga sanda.

Sakin nan fa yana da hasararsa. Kyanwar da ta saba kwana waje ta kan zama muzuru mai bin akurki, ta kwashe 'yan tsaki da 'yan shila. Kaji kuwa su ne asusun matan ƙauye, da su a ke sayen gishiri da sabulu da magani. Ba banza ba Hausawa suka haɗa muzuru da shaho a cikin karin maganar zakaran da Allah ya nufa da cara. Dabarar mutanen da ita ce su rufe kaza su saki mage. Da magariba a kora kaji akurki a toshe bakinsa, a rataye nama a ragaya, a kife nono da faifai a ɗora dutse.

A ƙasashen Turawa ma, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, fitar da kyanwa waje a ke yi in za a kwanta. Abin da ya juya al'adar wani ɗan kasuwa ne a Amurka, Edward Lowe, wanda cikin 1947 ya fara sayad da wata busasshiyar laka mai shanye fitsari da wari. Da samun wannan, sai tsare kyanwa a ɗaki dare da rana ya yi sauƙi. Daga baya kuma masu kula da tsuntsaye suka ta da murya. Wani ƙiyasi na 2013 ya nuna kyanwoyi suna kashe tsuntsaye fiye da biliyan 1 kowace shekara a Amurka. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, doka ta ce duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 a tsare ta cikin gidan mai ita. Amma su waɗannan abincin gwangwani su ke ba ta, ba su da rumbu a tsakar gida.

A Nijeriya wani dalili ne dabam ya sake ɗaga darajar kyanwa. Cikin 1969 aka gano wani zazzaɓi mai kisa a garin Lassa, cikin ƙasar Barno, aka sa masa sunan garin. Bayan annobar da aka yi a Saliyo cikin 1972, masana suka gane wani ɓera mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da cutar, yana zuba ta cikin abinci ta fitsarinsa da kashinsa. Ɓeran nan na gona ne, amma da rani ya kan shigo gidaje neman hatsi, kuma da rani cutar ta fi yawa. Cikin Janairun 2020 ta ɓulla a Kano, har ta kashe likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarinta na rigakafi, ta lissafta rufe hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya shiga, da zubad da shara nesa da gida, da tsabta, da kuma kiwon kyanwa.

Gidaje da yawa yanzu sun koma siminti da kwano, hatsi kuma a buhu a ke jibge shi a ɗakin ajiya, wani lokaci ma a ɗakin da a ke kwana. In aka rufe kyanwa waje alhali buhunan suna ciki, an raba mai gadi da abin gadinsa ke nan. In kuma aka zuba maganin ɓera aka sake ta, ta kan ci ɓeran da ya sha guba ta bi shi. Kyanwa mai yawon dare tana iya gamuwa da mahaukacin kare, don haka kai ta wurin malamin dabbobi a yi mata allura ya fi arha bisa jinyar yaron da ta ciza.

Abin da tarihin nan ya nuna wa mai rumbu a Ruwan Bago shi ne, kyanwa ta kwana inda hatsi ya kwana, a bar mata kafar shiga da fita, a ajiye mata ruwa da ɗan abinci don kada yunwa ta kai ta akurki. Kada kuma a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, gama ba ta iya gafiya, ba ta kuma iya ƙare ɓerayen gidan da a ke barin tuwo a buɗe. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.