Kurumtar farat ɗaya

kurumtar farat ɗaya (suna, mace): ɗaukewar ji cikin awa 72 ko ƙasa da haka, galibi a kunne guda, sau da yawa tare da ƙugi da jiri. Illar tana can ciki, a katantanwar kunne, inda ƙwayoyin halitta masu siraran gashi ke mai da sauti saƙon jijiya. Idan jini ya yanke musu ko kumburi ya taɓa su, suna iya mutuwa, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Hangum, sanƙarau, zazzaɓin Lassa da allurar gentamicin kan jawo ta, amma yawanci ba a gano sanadin.

*Misali:* "Baba, ƙila kurumtar farat ɗaya ce, kada ka ɗiga mai a kunnen nan, mu tafi asibiti yau."

Maganin sitiroyid ya fi amfani a makonni 2 na farko.