Daga Damin Zakka Zuwa Takardar Fansho a Potiskum

Lokacin da fadar Fika ta koma Potiskum a 1924, talakan garin ba ya lissafi da fansho. Idan ƙarfin tsoho ya ƙare, 'ya'yansa ne gatansa: gandu ɗaya ake nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Wanda ba shi da ɗa sai ya jira kaka. A gidajen Musulmi, manomin da geronsa ya kai nisabi yakan ware dami ɗaya cikin goma, mai shanu 30 ya fitar da maraƙi, mai tumaki 40 ya fitar da tunkiya. A garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce. Makafi da guragu da kutare kuwa, a garuruwan Arewa, suna da sarakunansu masu tsara musu bara da rabon abin da aka samu.

Fansho da Bature ya zo. Dokar 1951 ce ta fara tsara shi, doka mai lamba 102 ta 1979 ta haɗe tsarin ma'aikatan gwamnati. A wancan tsari, ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo. Idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, a ba shi garatuti a dunƙule, sannan fansho duk wata daga baitulmali. Da aljihun gwamnati ya yi rauni, bashi ya taru. Dattijon da ya koyar da rabin unguwa sai a gan shi a layin tantancewa, takardun ɗaukar aikinsa a leda, sun yi laushi saboda ninki. Bai zo roƙo ba. "Haƙƙina ne," shi ne abin da yake faɗa, kuma gaskiya ya faɗa, guminsa ne.

A 2004 Obasanjo ya sa hannu kan dokar adashin fansho, aka gyara ta a 2014: ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, mai ba shi aiki kashi 10, kuɗin na asusu da sunansa ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta PenCom. Ma'aikatan tarayya, irin na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, a kan wannan tsari suke.

Naƙasassu sun fi kowa jira. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, amma sai wanda aka yi wa rajista. Wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana wariya, ta ware musu kashi 5 na guraben aikin gwamnati, ba ta yanka wa makaho kuɗin wata ba. A shekarar ce aka buɗe ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu. Duk da haka dillalin shanu da mai lodin tirela, idan baya ya ƙi, gidan ɗa suke komawa, makaho kuma yana ƙofar masallaci ranar Juma'a, ɗan jagora na riƙe da sandarsa.