Kasuwar Kurmi: Yadda Bakin Jakara Ya Zama Matattarar Fatake

Duk wanda ya taɓa kutsawa lungunan Kasuwar Kurmi ya san akwai inda mutum biyu ba sa iya jerawa. Ƙamshin turaren wuta na haɗuwa da warin jima, ga mai sirdi da linzami, ga mai kanwa da tsamiya, ga dattijo ya jingina da tarin rawuna yana jan carbi. Ba na shiga wurin nan ban ji wani nauyi a ƙirjina ba, domin kasuwar ta haura shekara 500 tana ci.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta a bakin Jakara. Sai dai hanyoyi sun riga rumfuna zuwa. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanyar Borno zuwa Gwanja, aka fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A zamanin Yakubu, mahaifin Rumfa, gishirin Abzinawa ya wadata, Barebari da Larabawa suka yi ta kwararowa. Hikimar Rumfa ita ce ya ga baƙi sun yi yawa, ya yanka musu wuri guda a tsakiyar birni, inda mai gishiri zai haɗu da mai goro a ƙarƙashin idon hukuma.

A ganina, amana ce ta raya Kurmi. Bafatake ya yi wata biyu ko uku a hanya, ya iso garin da bai san kowa ba. Zai sauka gidan fatoma, a ajiye masa kaya, a ba dabbobinsa harawa, a haɗa shi da dillali. Dillali ya nemo mai saye, ya tsaya a tsakani, ya karɓi la'adarsa. Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ga abin da ya ba shi mamaki: ana rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, idan aka kai Borno aka kwance aka tarar da aibi, sai a dawo da kayan, dillali ya nemo mai kayan, shi kuma ya mayar da kuɗi. A duba nisan Borno da Kano a ƙafar jaki! Wannan ɗan guntun rubutu shi ne ya sa mutumin nesa ke sayen kaya a ƙulle, hankalinsa kwance.

Kasuwar ta taɓa ganin ta kanta. A zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, an ɗora mata haraji mai tsanani har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina. Baƙo ba ya jayayya da sarki, raƙuminsa kawai yake ɗaurawa kaya. Sai bayan jihadi, da yaƙe-yaƙe suka dagula hanyoyin Katsina, ciniki ya dawo Kano da ƙarfinsa.

Ƙarni na 19 shi ne ganiyarta. Wani Baturen, Barth, wanda ya iso a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa duk shekara sun kai na wuri miliyan 300. Saƙar ƙauyuka da rinin Kura suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna bin madugu zuwa Salaga, su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro. Sunan unguwar Alfindiki, daga kalmar Larabci ta masaukin fatake, har yau yana ba da shaidar su wa suka zauna a can. Kuma dole a faɗa, ko da zuciya ba ta so: a kasuwar nan an sayar da bayi, 'yan Adam a jere ana taya su.

Turawa suka ci Kano a 1903, aka sake ginin rumfunan. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kaya suka koma bin hanyar Ikko, ayarin Tarabulus ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Gyaɗa ta ja manyan attajirai wajen ganuwa, kusa da tasha, daga baya Sabon Gari da Kantin Kwari suka kwashe babban ciniki.

Kurmi ta rage da abin da ba a samu a kanti: alkyabba, kayan doki, burgamin fata, littattafan makarantar allo, maganin gargajiya. Idan hawan sallah ya gabato, sai ka ga lungun 'yan sirdi ya cushe, har da masu saye daga Damagaram da Maraɗi, suna durƙushe suna duba ɗinkin dukawa.